Gobe ce ranarmu ta ƙarshe a dajin Masai Mara: mu sake zagaye da asuba ko mu kama hanyar Nairobi?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Daga cikin tanti nake rubuto muku, a dajin Masai Mara na ƙasar Kenya. Ni da uwargida da yaranmu biyu muka zo, gobe kuma in Allah ya kai mu za mu juya gida. Jirginmu zai tashi daga Nairobi ƙarfe shida na yamma, direba ya ce daga nan zuwa can tafiyar awa biyar ce zuwa shida idan hanya ta yi kyau.

Ga inda gizo ke saƙar. Alhamdulillahi mun ga zaki, mun ga giwaye da ɓauna da raƙuman dawa, mun ga dorina da kada a kogin Mara, ga kuma dabbar nan mai gemu da suke kira nyumbu, dubbai sun rufe fili iya ganinka. Abu biyu ne Allah bai nuna mana ba: damisa da karkanda. Ni raina yana kan mu fita zagaye na ƙarshe da sassafe, ko za a dace. Ita kuma uwargida ta ce mu yi sallar asuba mu ɗau hanya, mu isa Nairobi da wuri ta samu ta yi tsarabar mutanen gida a natse. Yaran ma sun rabu, babban yana bayana, ƙaramar tana bayan uwarta. Waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya, don Allah yaya kuka yi da ranarku ta ƙarshe?

Direban_Dogon_Zango:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ban taɓa zuwa Kenya ba, amma tuƙi sana'ata ce. Lissafin ranar tafiya daga baya ake faro shi. Jirgin sama na ƙasa da ƙasa mai tashi ƙarfe shida, ana so ƙarfe uku ta yi maka a filin jirgi. Cire awa shida, ka ga ƙarfe tara ke nan dole taya tana kan kwalta. Wannan kuwa ba ka sa faci ba, ba ka sa tsayawa cin abinci da sallah ba, ba ka sa motar da za ta faɗi ta tare hanya ba. Hajiya ta fi ka gaskiya.

Bazazzagiya:
Ina bayan Hajiya. Ku maza ba ku san nauyin da tsaraba take da shi a kan mace ba. In an dawo ba wanda zai tambayi Alhaji me ya kawo, ita za a zuba wa ido, daga dangin miji har maƙwabta. Ta bi ku daji kuna ta kallon namun dawa, ku bar mata rabin yini ɗaya mana.

Bakatsine_Mai_Kyamara:
Alhaji kar ka yarda a raba ka da safiyar nan. Da sanyin safiya ake kama fara. Damisa da dare take yawonta, shi ya sa ba a cika samunta a sarari ba sai daga fitowar alfijir zuwa hantsi, ko kuma dab da magariba. Rana na ɗagawa za ta haye bishiya ko ta shige ƙungurmin bakin rafi, ka wuce ta gabanta ba ka sani ba. Lokacin da na je, a bakin kogin Talek na ga tawa, wajen bakwai saura. Tana kwance a reshe ta sako ƙafafu biyu da jela ƙasa, ga barewar da ta kama ta ja ta sama ta maƙale a tsakanin rassa saboda kuraye. Kuraye biyu na gindin bishiyar suna ɗaga kai suna jiran abin da zai faɗo. Duk abin da na gani a tafiyar nan, wannan ne har yau in na rufe ido nake gani. Kasuwa kuwa akwai ta a ko'ina, a filin jirgi ma akwai shaguna.

Bazazzagiya:
Malam mai kyamara, shagon filin jirgi ai ba kasuwa ba ce. Abin da za ta saya wa mutum goma a gari, a can na mutum uku zai saya.

Ɗan_Eastleigh:
Sannunku. Ni a Nairobi nake zaune, ina harkar kaya a unguwar Eastleigh, kuma na sha raka baƙi 'yan gida zuwa Mara. Alhaji kafin a ci gaba da muhawara, amsa min abu ɗaya: masaukinku a cikin dajin yake ko a wajen ƙofa? Domin nan ne kuɗi yake. Hukumar gundumar Narok da ke riƙe da dajin ta mayar da tikiti na awa goma sha biyu, daga shida na safe zuwa shida na yamma, kuma daga Yuli zuwa Disamba babban mutum baƙo dala 200 yake biya a rana. In a waje kuke kwana, shigar gobe sabon tikiti ne cikakke, ko da awa biyu za ku yi. Kai da Hajiya kaɗai dala 400, ban da yara. In kuwa a ciki kuke, ranar tafiya ana ba ku zuwa ƙarfe goma na safe ku fita ta ƙofa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka tambayi direbanka yau da dare ya tabbatar maka, kar a bar shi sai gobe a bakin ƙofa.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri ɗan'uwa. A ciki muke, ba mu da nisa sosai da ƙofar Sekenani. Yanzu na tura wa direba saƙo, ya ce haka ne, kafin goma za mu fita.

Ɗan_Eastleigh:
To ka ga abin ya zo da sauƙi. Ga abin da galibin direbobi ke yi: ku haɗa kaya tun daren nan, ku biya duk abin da ake binku a masauki yau, ku ce a ɗaure muku karin kumallo a kwali. Asuba a nan wajen biyar da 'yan mintuna take, rana kuma tana fitowa wajen shida da rabi kusan duk shekara. Ku yi sallah, a loda kaya a mota, shida na bugawa ku tashi. Direba ya bi da ku ta cikin daji a hankali yana nufar ƙofa, ba tare da an koma masauki ba. Komawa masauki ita ce ke cinye lokaci, a ce za a yi wanka, a karya, a nemi takalmin yaro. In kun fita Sekenani takwas da rabi, daga nan har Narok kwalta ce yanzu.

Amma zan faɗa maka gaskiya game da hanya, don Direban_Dogon_Zango bai yi ƙarya ba. Daga Narok zuwa Mai Mahiu babu laifi. Matsalar tana hawan dutsen da ke bayan Mai Mahiu, inda ake fita daga kwarin nan mai zurfi a hau tudu zuwa Nairobi. Hanyar siririya ce, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, ga manyan motocin dakon kaya suna hawa da ƙyar. Tirela ɗaya ta lalace a wurin, kowa ya tsaya. Wata rana ka wuce cikin minti ashirin, wata rana ka yi awa biyu. Bayan nan kuma ga cunkoson shiga gari. Ka ce wa direba ya hau sabuwar hanyar sama da aka buɗe a 2022, wadda ake biyan kuɗi, ita za ta kai ku har kusa da filin jirgin Jomo Kenyatta ba ku shiga tsakiyar gari ba. Ka biya kuɗin da kanka in ya yi gardama, bai taka kara ya karya ba.

Direban_Dogon_Zango:
Kun ji ko. Wanda ke zaune a can ma ya ce wata rana awa biyu. Da wannan awa biyun za ku yi caca, da tikitin mutum huɗu a hannu?

Yaya_Talatu:
Ni tambayata daban ce. In karkanda kake nema, me ya sa za ka neme ta a inda ta yi ƙaranci? A Mara kaɗan ne, a fili mai faɗin da ya kai murabba'in kilomita 1,500. Amma a bakin Nairobi akwai gandun dajin da aka kafa tun 1946, ƙarami ne, murabba'in kilomita 117, kuma an san shi da karkanda. Mu a can muka gan su, uwa da ɗanta suna kiwo, ga dogayen benayen gari a bayansu. Giwa ce kawai babu a ciki, ita kuwa kun riga kun gani. Ku tashi shida, ku isa sha biyu, ku shiga awa biyu, ku fita ta ɓangaren titin Mombasa, filin jirgi na nan kusa. Kai ka ga karkanda, kuma hankalin kowa a kwance tunda dutsen nan yana bayanku.

Bakatsine_Mai_Kyamara:
Yaya Talatu shawararki tana da kyau, sai dai sha biyun rana ne fa. Tsakar rana dabba na inuwa. Kuma in sun shiga can, tsarabar Hajiya ta sake tashi. An gudu ba a tsira ba.

Yaya_Talatu:
Karkanda ba damisa ba ce ƙanina, jikinta ba ya ɓuya a ciyawa. Ko kwance take za ka hango ta. Batun tsaraba kuwa gaskiyarka ne, sai su zaɓi ɗaya.

Ɗan_Alkaleri:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne dala 200 a rana. Jama'a, Yankari fa tana nan. Ni a gefenta aka haife ni. Murabba'in kilomita fiye da 2,200 ce, ta fi Mara ɗin nan girma. Tun 1956 aka keɓe ta, aka buɗe wa baƙi a 1962. Akwai giwa, akwai ɓauna, akwai gwanki da dorina, in rani ya yi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu duk suna gangarowa kogin Gaji. Kuma mu ranar ƙarshe ba ta da gardama: ka fita zagayen safe, ka dawo ka faɗa ruwan Wikki, ruwa garai-garai mai ɗumi wanda zafinsa ba ya canzawa dare da rana, ka fito ka ci abinci, ka kama hanyar Bauchi. Ba jirgin da zai bar ka. Abin da za ka kiyaye kawai birai ne, kar ka bar ƙofar ɗaki ko ta mota a buɗe kana loda kaya, don sun san ranar da baƙo ke tafiya leda take yawa.

Bakatsine_Mai_Kyamara:
Ɗan Alkaleri, na je Yankari kuma ina son ta, Wikki kam babu irinta a Mara. Amma a faɗi gaskiya. Yankari daji ne mai bishiyoyi da duhuwa, sai ka yi sa'a ka ga giwa, zaki kuwa sai dai labari ga mafi yawan baƙi. Mara fili ne fetal, ciyawa ce iya ganinka, ka tsaya wuri ɗaya ka ƙirga dabba iri bakwai. Kuma ƙaurar nyumbu da ke tasowa daga Serengeti ta Tanzaniya, sama da miliyan guda, ba inda za ka gan ta sai can. Kowanne da abin da ya fi.

Ɗan_Alkaleri:
Ban musa ba. Abin da ke ci min rai shi ne da yawa cikin masu zuwa can ba su taɓa taka tamu ba. In 'yan gida ba su zo ba, da me za a biya masu gadin daji? Giwayen Yankari na cikin na ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma mutane ne 'yan ƙauyukanmu ke kwana a daji suna tsaronsu daga mafarauta.

Ɗan_Damagaram:
Maganarka ta taɓa ni ɗan'uwa. Mu ma a Nijar muna da raƙuman dawan Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai, su kaɗai suka rage na irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal, yanzu sun haura 600, har an kwashi wasu zuwa Gadabeji a 2018. A gonakin mutane suke yawo, ba shinge. Amma tun harin da aka kai a watan Agustan 2020, wanda aka kashe mutum takwas, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu yi wa baƙi jagora suka rasa abin yi. Rashin tsaro ne ya kashe mana wannan harka, ba rashin dabba ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Zangon_Kumasi:
Amin. Mu a Gana sai Mole, can arewa, inda ake shiga daji da ƙafa tare da mai gadi riƙe da bindiga, ka tsaya kana kallon giwa tana wanka a tafki. Ranar fita kuma kowa yakan tsaya a Larabanga ya ga tsohon masallacin ƙasa. Amma mun bar Alhaji a tanti yana jira, dare na yi a can, sun fi Najeriya da awa biyu.

Malam_Na_Tsangaya:
Alhaji, ko wacce ka zaɓa, ka sa sallah a lissafinka tun yanzu. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin yin kasaru, kuma kana iya haɗa azahar da la'asar. In azahar ta same ku a hanya ku tsaya ku haɗa, in kuma kun matsu ku bari sai filin jirgi, akwai wurin sallah a can. Magariba da lisha za su same ku a sama, sai ku haɗa su inda kuka sauka. Abu na biyu, ka zauna da iyalinka ku yi shawara da daɗin rai. Tafiyar da aka yi don nishaɗi kar a rufe ta da ɓacin rai a mota. Damisa in da rabon ka gan ta za ka gani, in babu rabo ko wata guda ka ƙara ba za ka gani ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Tunda tsaraba ce rabin rigimar, bari in sa baki, don ni fatauci ke kai ni Nairobi. Hajiya ba sai ta shiga tsakiyar gari ba. A bakin ƙofar Sekenani matan Masai za su kewaye motar da sarƙoƙi da awarwaron duwatsu da jan mayafin nan nasu mai layi-layi, shuka suke ce masa. Aikin hannunsu ne, kuɗin kuma hannunsu yake shiga. Ta taya da mutunci, za su rage. A Narok kuma ku tsaya babban kanti, ba shagon baƙi na bakin hanya ba. Ganyen shayin Kenya, gahawa, gyaɗar makadamiya, zuma, duk farashinsu na rubuce, farashin da 'yan gari ke saya. Ganyen shayi shi ne tsarabar da ba wanda zai raina, ga shi ba nauyi. Shagunan bakin hanya da direbobi ke tsayawa a yi fitsari, kayansu na da kyau amma kuɗin farko da za su faɗa ya ninka sau uku ko huɗu.

Sai gargaɗi, kuma wannan da gaske nake. Kar ku ɗauko komai na jikin dabba. Ba haure ba, ba ƙaho ba, ba fata ba, ba farce ko haƙori ba, ko gashin tsuntsu da yaro ya tsinta a ƙasa ku ce ya ajiye. Kenya ta hana farauta tun 1977, kuma dokarsu ta namun daji ta 2013 tana da tsanani, tara mai nauyi da ɗauri. Akwai karnuka masu shinshina kaya a filin jirgi. Ku duba aljihun yara da jakunkunansu yau. Leda ma an hana ta a ƙasar tun 2017, kar ku naɗe takalma a ciki.

Yaya_Talatu:
Gaskiya ne Hajiya. A cikin gandun Nairobi ɗin da na faɗa akwai wurin da shugaba Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a 1989, aka sake ƙona tan 105 a 2016 zamanin Uhuru Kenyatta. Tokar na nan a tare ana nuna wa baƙi. Mutanen da suka ƙona dukiya irin wannan ba za su yi wasa da kai a kan ɗan ƙaho ba.

Ɗan_Eastleigh:
Ƙarin abu ɗaya da 'yan gida ke mantawa sai an zo rabuwa: ihsanin direba. A nan al'ada ce, kuma da shi suke riƙe gida. Galibi ana ba da dala goma zuwa ashirin a kowace rana, a ba shi hannu da hannu a ƙarshe. Ma'aikatan masauki kuma akwai akwatinsu a wurin karɓar baƙi, ana raba musu har da masu wanki da masu gadin dare da ke raka ku tanti da tocila. In dala za ka bayar, ka ba da sababbin takardu, tsofaffi da yagaggu ana ƙin karɓa a wurin canji. Silin ɗin Kenya da ya rage maka ka ƙarar da shi a nan.

Kuma don Allah kar ka ce wa direba in ya nemo maka damisa za ka ƙara masa. Wannan maganar ce ke sa su sauka daga kan hanya su tattake ciyawa, ko su yi gudu in sun ji labari a rediyon mota, a taru mota ashirin a kan dabba ɗaya har ta bar abincinta. In masu gadi suka kama shi, shi za a ci tara, kai kana jirgi.

Bafulatanin_Mambila:
Wannan ta ƙarshe ta yi min daɗi. Ni abin da nake so in sani, Masai ɗin nan makiyaya ne kamar mu, yaya suke zama da zaki a gefen garke?

Ɗan_Eastleigh:
Ba sa rasa rigima, zaki na kama shanu, wani lokaci a rama. Amma a kewayen dajin akwai filaye irin su Naboisho da Olare Motorogi da Mara North, mallakar iyalan Masai ne, suka haɗa su suka ba masu masaukin baƙi haya. Ana biyansu kuɗi a kai a kai, 'ya'yansu ne direbobi da masu gadi, kuma ana tsara musu inda shanu za su yi kiwo da lokacin da za su shiga. Mutum in yana cin amfanin zaki da ransa, ba ya saurin sa masa guba.

Ɗan_Alkaleri:
Wannan shi ne abin da nake fata a wajenmu. Mutumin da giwa ta cinye masa gonar dawa cikin dare ɗaya, in ba ya ganin komai daga dajin, da wane baki za ka ce masa ya so ta?

Baban_Ilham:
Salam jama'a, ga mu a filin jirgi, mun ba da kaya muna jiran kira. Na karanta wa uwargida duk abin da kuka rubuta jiya, muka tsaya a kan shawarar ɗan'uwanmu na Eastleigh, da sharaɗin takwas da rabi muna ƙofa ko an ga wani abu ko ba a gani ba.

Mun tashi da sanyi mai shiga ƙashi, yara a naɗe cikin bargo. Damisa dai ba mu gan ta ba. Direba ya kai mu wani rafi da ya ce tana yawan zama, ya nuna mana sawunta sabo a laka, muka jira, shiru. Amma a hanyar fita muka tarar da zakanya uku a kan nyumbu da suka kayar da dare, 'ya'yansu ƙanana fuska duk jini suna ta jan kunnen gawar. Dila biyu na zagayawa daga nesa, ungulaye sun cika wata bishiya. Motarmu ce kaɗai a wurin, direba ya kashe inji, har ƙarar ƙashi muna ji. Ƙaramar da ta ce ba ta son fita ita ce ta ƙi yarda a tafi.

Mun fita ƙofa tara saura kwata. Uwargida ta sayi mayafai da sarƙoƙi a wurin matan, a Narok ta cika jaka da ganyen shayi. A hawan dutsen nan kuwa mun sha jira, wata babbar mota ta tsaya a kwana, mun fi minti arba'in muna tafiyar kura. Ba wanda ya yi magana a motar. Huɗu saura muka iso. Ita dai har yanzu tana cewa da mun bi tata da ta samu jakunkuna da takalman da ta yi wa ƙannenta alkawari, kuma da ba mu yi wannan zaman zullumi a kan dutse ba.

Direban_Dogon_Zango:
Alhamdulillahi da kuka isa. Amma ka ga abin da na faɗa. Da motar nan faɗuwa ta yi ba tsayawa ba, da yanzu wani labarin ake. Ni har gobe ba zan ba mai iyali shawarar ya yi haka ba.

Bakatsine_Mai_Kyamara:
Zakanya uku da 'ya'ya, ba wata mota a wurin. Alhaji akwai masu zuwa su koma ba su samu wannan ba. Yaran nan za su girma suna ba da labarinsa.

Bazazzagiya:
Ƙannen Hajiya kuma su girma suna jiran takalma. Alhaji in kun sauka ka kai ta Kwari ko Sabon Gari ta cike giɓin, hakkinta ne.

Yaya_Talatu:
Ni darasin da na ɗauka, wanda zai je nan gaba ya sa kwana ɗaya a Nairobi a ƙarshen tafiyarsa. Ya yi zagayen safe a Mara ba gaggawa, ya kwana a gari, washegari da asuba ya shiga gandun Nairobi ya ga karkanda, da hantsi a shiga kasuwa, a yi azahar a masallacin Jamia, sannan filin jirgi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Kwana ɗaya na mutum huɗu a otal da abinci da mota ba ƙaramin kuɗi ba ne Yaya, ba kowa ke da shi ba bayan ya biya na daji.

Amaryar_Gombe:
Sannunku da ƙoƙari, na bi zaren nan tun daga farko don mu ma muna shirin zuwa ni da maigida. Ba a ce akwai ƙananan jirage daga cikin dajin zuwa Nairobi ba? Ba zai raba gardamar ba?

Ɗan_Eastleigh:
Akwai 'yar'uwa. Suna tashi daga filayen ƙasa da ke cikin dajin, irin su Keekorok da Ol Kiombo, tafiyar ba ta fi awa ɗaya ba in bai tsattsaya ɗaukar wasu ba. Sai dai ku san abu uku. A filin Wilson suke sauka, ba Jomo Kenyatta ba, sai kun sake shiga mota kun ratsa gari. Kaya kilo 15 ne ga kowane mutum har da jakar hannu, kuma jaka mai laushi suke so, ba akwati mai tauri ba, don haka manyan akwatunanku ku bar su ajiya a Nairobi. Kuɗinsa kuma ya fi na mota nesa ba kusa ba. Wane wata kuke son zuwa? In Afrilu ko Mayu ne lokacin ruwa mai yawa ne, a 2024 kogin Talek ya yi ambaliya har ya shiga masaukai, lissafin hanyar ma daban yake.

Amaryar_Gombe:
Janairu muke tunani, lokacin hutun maigida.

Ɗan_Eastleigh:
To tikitin daji rabin na yanzu ne a lokacin, dala 100. Garken nyumbu sun koma Tanzaniya, amma zaki da damisa da giwa suna nan ba inda suke zuwa. Ku fara sayen tikitin jirgin komawa mai tashi da dare in akwai, sannan ku tsara sauran a kansa.